Leo Fender, Mai Gyaran Rediyon da Ya Ƙera Jita

Duk ɗan Arewa da ya zauna a Ikko ko Ibadan ya ji kukan jita mai lantarki a wurin biki, haka kuma wanda ya je shagali a Abuja. Amma ba kowa ya san cewa mutumin da ya ƙera jitar da ta fi yin suna a duniya bai iya kaɗa ta ba. Shi asalinsa mai gyaran rediyo ne.

An haifi Leo Fender ranar 10 ga Agusta, 1909, a jihar Kalifoniya ta Amurka, iyayensa manoman lemo ne. Tun yana yaro ciwo ya cinye masa idon hagu, aka sa masa na gilashi. Ya yi karatun akawu, ya kama aiki, sai tattalin arzikin Amurka ya karye, aka sallame shi. A shekarar 1938 ya ci bashin dala 600 ya buɗe shagon gyaran rediyo a garin Fullerton.

Makaɗa suka fara kawo masa amfilifaya da jitocinsu idan sun lalace. A nan ya ga wahalar da mai gyara yake sha. Wuyan jitar wancan zamani a manne yake da gam, kuma kafin a kai ga wayoyin da ke cikinta sai an yi fama. To, sai Fender ya ƙudura zai yi wadda kowane makaniki zai buɗe da sukuddireba. A 1950 ya fito da jitar da aka raɗa wa suna Telecaster a 1951, sa'an nan a 1954 ya fito da Stratocaster. Katako ne tsantsa ba rami, wuyanta kuwa sukuru huɗu ne suke riƙe da shi. Idan ya karye, a kwance, a sa sabo.

Ga yadda muryarta take fita. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maɗaukin sauti, wato maganaɗisu shida da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta motsa, sai ta haifar da 'yar wuta kaɗan a cikin wayar. Wutar nan tana bi ta maɓallin ƙara, wanda yake rage ta ko ya sake ta, ta bi ta kusa da maɓallin murya, wanda yake aiki da kondensa ya zubar da siririn sauti ya bar mai kauri. Daga nan sai ta fita ta ramin da ake cusa waya, ta tafi amfilifaya. A Stratocaster, maɗauka uku da maɓallansu duk a kan faifai ɗaya suke, ana ɗaga shi sai ga wayoyin a fili.

Saboda wannan sauƙi ne mai gyara yake gane cuta da wuri. Idan jita ta yi shiru, ya fara gwada wata wayar amfilifaya, sa'an nan ya duba ramin da ake cusa ta, don sau da yawa notinsa ne ya saki, dalmar ta balle. Idan yana so ya san ko maɗauki yana da rai, sai ya ƙwanƙwasa maganaɗisun da bakin sukuddireba; in ya ji ƙas a lasifika, lafiya lau. In bai ji ba, ya sa mita: mai lafiya na Stratocaster yakan nuna wajen om 6,000, wanda ya tsinke kuwa ba ya nuna komai. Maɓallin da yake ƙara kamar ana soya nama idan an murɗa shi, ƙura ce ta shige shi, ko kuma ya tsufa. Gurnanin da ba ya raguwa ko an taɓa tsirkiyoyi, alama ce wayar ƙasa ta tsinke.

Amma fa aikin Fender bai rasa aibi ba. Maɗaukinsa mai naɗi ɗaya yana kwaso gurnanin wutar lantarki, musamman kusa da taransifoma. Wani injiniyan kamfanin Gibson, Seth Lover, shi ya magance wannan a 1955, da ya haɗa naɗi biyu masu kishiyantar juna.

A 1965 rashin lafiya ya sa Fender ya sayar wa kamfanin CBS masana'antarsa a kan dala miliyan 13. Da ya warke bai zauna ba, ya koma bakin aiki, har ya kafa kamfanin G&L tare da tsohon abokinsa George Fullerton. Ya rasu ranar 21 ga Maris, 1991, yana da shekara 81.

Aikinsa ya iso har ƙasarmu. Mdou Moctar, Buzu ɗan Jamhuriyar Nijar, da Stratocaster ya yi suna a duniya. Mai gyaran da ke zaune a rumfa a kasuwar Alaba, da dalmarsa da mitarsa, ya tuna daga irin wannan rumfa Fender ya tashi.