FREDERICK DOUGLASS: BAWAN DA YA MAI DA HOTO MAKAMI

An haifi Frederick Douglass cikin 1818 a Jihar Maryland ta ƙasar Amurka, a cikin ƙangin bauta. Yana ɗan kimanin shekara takwas aka kai shi birnin Baltimore, inda matar maigidansa ta fara koya masa haruffa, amma mijinta ya hana. Wannan hani bai karya masa gwiwa ba, domin kuwa a ɓoye ya ci gaba har ya iya karatu da rubutu.

Ran 3 ga Satumba 1838 ya yi shigar ma'aikatan jirgin ruwa, ya tsere zuwa New York. Cikin 1845 ya buga tarihin rayuwarsa, sa'an nan, don gudun kada a kama shi, ya haye zuwa Ingila, inda magoya bayansa suka tara fam 150 suka fanshe shi. Da ya komo gida cikin 1847 ya kafa jaridarsa mai suna North Star a birnin Rochester.

A wancan zamani masu zane-zane kan siffanta baƙar fata da mummunar kama, watau da ƙaton baki, da tsummoki, da dariyar wauta, don a nuna wai bawa ya gamsu da halin da yake ciki. Sana'ar ɗaukar hoto kuwa ta bayyana cikin 1839, shekara guda bayan tserewarsa. Douglass ya lura cewa na'urar ba ta da son zuciyar mai zane, ga kuma araha, har talaka na iya mallakar kamanninsa. Cikin 1861 ya yi lacca a kan haka a birnin Boston.

Ko da yake ba shi ke riƙe na'urar ba, shi ke tsara yadda za a gan shi. Yakan sa kwat mai kyau, ya zauna da natsuwa, ya daure fuska, sau da yawa idonsa na kallon mai kallo sosai. Da wuya a ga murmushi a hotonsa, kuma da gangan ya yi haka. Wani bincike da aka buga cikin 2015 ya tattara hotunansa 160 daban-daban, watau fiye da na Shugaba Abraham Lincoln da na kowane Ba'amurke na ƙarni na 19.

Bayan an haramta bauta cikin 1865, ya riƙe muƙaman gwamnati, har ya zama jakadan Amurka a Haiti daga 1889 zuwa 1891. Ya rasu a birnin Washington ran 20 ga Fabrairu 1895, aka binne shi a Rochester. Lalle ya bar wa na baya darasi, cewa al'ummar da ta sakar wa maƙiyinta aikin zana kamanninta, ita za ta kwana ciki.