Samuel Pepys, Akawun Da Ya Raya Jiragen Yaƙin Ingila

A cikin mazajen da Ingila ke tunawa da su wajen sha'anin yaƙin ruwa akwai wani wanda bai taɓa jan runduna ba, makaminsa alƙalami ne da littafin lissafi. Sunansa Samuel Pepys. Abin da ya ƙare ransa yana nuna wa sarakuna da 'yan majalisa shi ne, sayen jirgin yaƙi kamar sayen doki ne, ran da aka biya kuɗinsa ran nan hidima ta soma.

An haife shi a birnin Landan ran 23 ga Fabrairu, 1633. Ubansa tela ne, amma yaron ya sami ilmi har ya kai jami'ar Kambirij. Cikin 1660, sa'ad da Sarki Charles na Biyu ya komo gadon sarauta, wani ɗan'uwan ubansa mai girma, Edward Montagu, ya sama masa aikin babban akawu a hukumar da ke lura da jiragen yaƙin Sarki, watau manuwa. Lokacin nan bai san komai game da jirgi ba, ko lissafi ma bai ƙware ba. Cikin 1662, yana da shekara 29, ya ɗauki wani ma'aikacin jirgi ya riƙa koya masa lissafin sau, yana tashi tun da asuba yana hadda. Sa'an nan ya shiga zagaya wuraren ƙera jirage na Deptford da Woolwich da Chatham, yana koyon awon katako, yana gwada igiya da kwalta, yana bincike kan tamaninsu a kasuwa don kada 'yan kwangila su cuci baitulmali. Amma fa shi ma ba a rasa shi da laifi ba, gama yakan karɓi kyauta daga hannun 'yan kwangila, kamar yadda ma'aikatan zamanin suka saba.

Jirgin wancan zamani na katako ne, kullum kuwa ci yake yi. In yana bisa teku, lissafin da ake yi shi ne fam 4 a wata ga kowane mutum da ke ciki, domin albashi da abinci da gyaran abin da ya lalace. Watau jirgi mai mutum 500 yakan ci fam 2,000 kowane wata. In kuma an ɗaure shi a mashigi, sai an riƙa buɗe shi yana shan iska, ana toshe tsagoginsa, ana shafa masa kwalta, in ba haka ba ya ruɓe.

Yaƙin da aka soma da mutanen Holan cikin 1665 shi ya nuna wa Pepys ƙarshen rashin tanadi. Kuɗi suka ƙare, aka riƙa ba ma'aikatan jirgi takardun bashi maimakon albashi, su kuwa don yunwa sai su sayar da su a wulaƙance. Farkon 1667 gwamnati ta ɗaure manyan jiragenta don ba ta iya ɗaukar hidimarsu. Cikin watan Yuni na shekarar nan sai ga jiragen Holan sun kutso kogin Medway, suka ƙone manyan jirage uku, suka ja Royal Charles, abin alfaharin rundunar, suka tafi da shi ƙasarsu. Da Majalisa ta tashi neman wanda za ta ɗora wa laifi, Pepys ya tsaya gabanta cikin Maris 1668, ya yi wajen sa'a uku yana bayani da lissafi a hannu, har ya fid da hukumarsa.

Cikin 1673 aka naɗa shi Sakataren sha'anin jiragen yaƙi. Cikin 1677 ya shawo kan Majalisa ta ba da fam 600,000 don ƙera sababbin jirage 30. A shekarar nan aka ƙayyade yawan igwa da yawan mutanen da kowane irin jirgi zai ɗauka, yadda za a san hidimarsa tun kafin ya shiga ruwa. Har wa yau aka kafa jarrabawa ga mai son zama laftanan, don kada a danƙa dukiyar ƙasa a hannun wanda bai san teku ba.

To, ɗaukaka ba ta rasa mahassada. Cikin 1679 aka ƙaga masa cewa yana sayar wa Faransa asirin rundunar, aka tsare shi a Hasumiyar Landan. Ba a sami shaida ba, aka sake shi, amma ya shekara biyar ba ya kan aiki. Da Sarki ya mai da shi cikin 1684, sai ya tarar da abin takaici. Waɗansu daga jiragen nan 30 ba su taɓa fita teku ba, amma ga su suna shirin nutsewa a inda aka ɗaure su. Katakonsu ya rududduge, har laimar kwaɗi kamar dunƙulen hannu ta tsiro a cikinsu. Waɗansu suka ce laifin katakon da aka sayo daga ƙasashen waje ne. Pepys ya tsaya a kan cewa sakaci ne, an biya kuɗin ƙira an hana kuɗin kiwo.

Cikin 1686, zamanin Sarki James na Biyu, ya sa aka kafa hukuma ta musamman, aka saka gwanin ƙera jirage Anthony Deane a ciki, aka yanka mata fam 400,000 kowace shekara, a riƙa biya a kan kari. Kafin ƙarshen 1688 an gyara mafi yawan jiragen, an cika rumbuna da kayan aiki. Da sarautar James ta faɗi, Pepys ya bar aiki cikin 1689, ya buga littafi cikin 1690 yana bayyana yadda rundunar ta lalace da yadda aka tashe ta.

Ya rasu a Clapham ran 26 ga Mayu, 1703, bai bar ɗa ba. Littattafansa 3,000 ya bar wa kwalejinsa ta Magdalene a Kambirij, cikinsu har da littafin da ya riƙa rubuta al'amuransa na kullum daga 1660 zuwa 1669, wanda aka fara bugawa cikin 1825, shi ne kuwa ya yaɗa sunansa a duniya.

Jiragen katako sun shuɗe, amma lissafin Pepys bai tsufa ba. Har yanzu sau da yawa abin da ƙasa ke kashewa wajen mai da gyara da kayan canji da horar da ma'aikata, tun daga ran da ta sayi jirgin yaƙi har ran da ta jingine shi, yakan fi kuɗin sayensa. Duk gwamnatin da za ta sayi makami, sai ta fara tambayar ko baitulmali zai iya riƙonsa shekara da shekaru.