Marie Curie da hannun da ke riƙe na'ura

Bara ni na yi jinyar gwaggona. Sankarar mama ce ta bazu har ƙashin bayanta, aka ce a yi mata gashi ko zafin ya lafa. Sai da muka yi makonni muna jiran layi. Da aka fara, likita sau ɗaya muka gan shi. Wata ma'aikaciya ce kullum ke kwantar da ita, ta daidaita na'ura, ta lallashe ta. Wannan ya sa na shiga neman asalin aikin, sai na ci karo da Marie Curie.

An haife ta a Warsaw ta ƙasar Foland a 1867. Jami'ar garin ba ta ɗaukar mata, kuɗi kuma babu a gida. Sai ta kama koyar da 'ya'yan masu hali, tana taimaka wa yayarta da ke karatun likita a Faris. A 1891 ita ma ta bi ta. Ɗan ɗaki ta kama a saman bene, ga sanyi, abinci sau da yawa shayi da burodi. Duk wanda ya taɓa kwana da garin kwaki a ƙarshen zango ya san zancen.

A 1898 ita da mijinta Pierre suka gano sinadarai biyu, foloniyom da radiyom. Ba a daɗe ba likitoci suka fara ƙona ƙari da radiyom, yana cikin tushen gashin da ake yi yau. Ta ci kyautar Nobel a 1903, ta sake ci a 1911. A tsakanin nan, a 1906, keken doki ya take Pierre ya mutu, ya bar ta da 'ya'ya mata biyu.

Amma abin da ya fi taɓa ni aikinta ne a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sojoji na zuwa da harsashi a jiki, likita bai san inda yake ba. Sai ta ɗora na'urar hoton ƙashi a motoci kusan 20, ta koyi tuƙi, ta nufi bakin daga. Nan ta ga na'ura ba mai sarrafa ta aikin banza ce. Ita da 'yarta Irène suka horar da mata kusan 150, ba likitoci ba, suka koya musu wutar lantarki, sassan jiki da wanke hoto.

Ta rasu a 1934, ɓargonta ya daina yin jini, ana danganta hakan da hasken da ta daɗe tana aiki da shi. Har yau littattafanta a akwatin dalma ake ajiye su.

Yanzu a wasu asibitocin Ingila, ƙwararrun ma'aikatan gashi da suka ƙara horo su ke tsara wa wanda kansa ta bazu ƙashinsa magani, don kada ya daɗe yana jira. Na tuna makonnin da muka yi a layi.

Mu 'yan difloma kullum ana nuna mana cewa masu digiri ne manya, har wasunmu na jin kunyar faɗin inda suke karatu. Ni dai na daina. Gwaggo ta rasu, Allah ya jiƙanta. Amma watanninta na ƙarshe ta samu barci, kuma da ikon Allah, ta hannun waccan ma'aikaciyar ta same shi.