Malam Abdullahi na Gwandu da Batun Gado

An haifi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a wajajen 1766, kimanin shekara 12 bayan wansa Shehu Usmanu, wanda kuma shi ne babban malaminsa. Ya bi Shehu yawon wa'azi a Zamfara da Kabi, ya zama wazirinsa bayan hijirar Gudu a 1804. A 1805 ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice, aka naɗa Usman Masa a gurbinsa.

Gado na cikin abubuwan da masu jihadi suka tuhumi sarakunan Haɓe a kansu. Littafin Kitabul Farƙi ya ambaci yadda sarki kan ƙwace dukiyar wanda ya rasu a ƙasarsa, magada suna ji suna gani. Damuwar Malam Abdullahi ta zarce dukiyar mamaci, ta kai ga ita kanta sarauta. Da ya ga kwaɗayin mulki da ganima ya fara shiga zukatan jama'a, sai ya bar runduna a wajajen 1807 da niyyar tafiya Makka. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Matsayinsa bai ɓuya ba: shugabanci amana ne da masu ƙullawa da warwarewa ke ɗora wa wanda ya cancanta, ba gona ba ce da uba zai bar wa ɗa.

Sai ga shi ƙaddara ta jarraba shi da wannan mas'ala a cikin gida. Shehu ya riga ya raba kula da ƙasa a 1812, yamma ga Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. Da ya rasu a 1817, aka yi wa Bello mubaya'a tun kafin baffansa ya iso daga Boɗinga, kuma riwaya ta shahara cewa ya tarar da ƙofar Sakkwato a rufe. A ilmin fara'ili ɗa namiji yana shamakance ɗan'uwan mamaci, wannan Malam ya fi kowa sani. Amma imamanci ba ya cikin tarika, don haka ba da wannan ma'auni za a auna shi ba. A ganina nan ne ciwon yake. Bai ɗaga takobi ba. Alƙalami ya ɗauka, ya rubuta Sabilus Salama kan sharuɗɗan imamanci, Bello shi ma ya yi nasa littafin, Al'insafi.

Sulhu ya zo ne a Kalambaina, inda Bello ya kawo masa ɗauki kan masu tawaye. Baffa ya yi wa ɗan wansa mubaya'a, waziranci ya tabbata ga Giɗaɗo ɗan Laima.

Ya rasu a Gwandu a 1829. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, sannan Halilu a 1833, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Gwandu har yau, a fadar da ta koma Birnin Kebbi a farkon mulkin Turawa.