Sigrid Fridman: Matar da ta Fara Sassaƙa Bayan Shekara Talatin

Sunanta dai ya ba mu wahalar faɗa da farko, amma labarinta bai ba mu wahalar ganewa ba. An haifi Sigrid Fridman a 1879 a Haparanda, wani ƙaramin gari can ƙuryar arewacin Suwidin, kan iyaka da Finlan, inda sanyi ke cin ƙashi. Ba da sassaƙa ta fara neman abinci ba. Aikin tausa da gashin ƙashi ta koya, ta tafi Landan tana yi wa marasa lafiya aiki, tana cin guminta.

A can Landan ne, bayan ta haura shekara 30, ta soma taɓa yumɓu. Mu da muka riƙe fensir da furfura a ka mun san nauyin zama ɗaliba a shekarun da sa'o'inki ke koyar da wasu. Sai dai ba da hannu wofi ta shiga ba. Wadda ta yi shekaru tana murza kafaɗa da gwiwar mutane ta san inda kowace jijiya ta kwanta, ta san yadda jiki ke ɗaukar nauyinsa in mutum zai taka. Daga baya ta wuce Paris, ta zauna gaban gwanin sassaƙa Antoine Bourdelle, wanda shi ma ya yi aiki a hannun Rodin.

A wancan zamani an yarda mace ta yi 'yan ƙananan kayan ado na ɗaki. Amma babban aikin tagulla da za a kafa a fili, wanda ke da kuɗi da suna, wannan rumfar maza ce. Nan Sigrid ta kutsa kai.

Aikin da ya fito da ita shi ne mutum-mutumin Fredrika Bremer, marubuciyar da littafinta Hertha na 1856 ya taimaka aka sauya doka, har mace marar aure ta sami damar riƙe al'amuranta da dukiyarta da kanta in ta kai shekara 25. An kafa shi a 1927 a lambun Humlegården da ke Sitokholm, shekara shida kacal bayan matan ƙasar sun fara jefa ƙuri'ar zaɓen majalisa. Ai kuwa sai ka-ce-na-ce ya tashi a jaridu, masu suka suka yi mata caa. Mu dai kafa siffar mutum a dandali ba al'adarmu ba ce, amma ba wannan ne abin faɗan nasu ba, tunda birnin cike yake da siffofin sarakuna da mayaƙa. A ganinmu, har da hannun da ya yi aikin ake jin haushi.

Ba ta ja da baya ba. Ta ƙera wata halitta ta tatsuniyoyin Girkawa, rabi mutum rabi doki, da tagulla. Shi ma an sha jayayya a kansa shekara da shekaru kafin a kafa shi a 1939 a kan tudun Observatorielunden, kusa da babban ɗakin karatu na birnin. Lokacin tana dab da shekara 60. Ba ita kaɗai ta yi wannan kokawa ba, don marubuciya Klara Johanson ta tsaya mata da alƙalami, har ta fitar da littafi a kanta a 1948.

A 1953 aka kafa siffar da ta yi ta Ellen Key, malama kuma marubuciya, a nan Sitokholm. Sigrid ta rasu a Janairun 1963 tana da shekara 83. Aikinta na maɓuɓɓugar ruwa mai siffar bishiya, da ruwa ke ɗiga daga jikinta, sai bayan rasuwarta aka kafa shi, a gefen wannan ɗakin karatu, ƙasan tudun da dokin nata yake tsaye.