Awolowo: Marayan Ikenne Da Ya Buɗe Wa 'Ya'yan Talakawa Ƙofar Makaranta

A Sabon Shagamu na tashi, ɗan mai fataucin goro. A zauren gidanmu ba a cika yabon Obafemi Awolowo ba, ai abokin hamayyar Sardauna ne. Amma wallahi ba don manufarsa ba, da wuya in taka aji, balle jami'a. A gidanmu kaf ni na fara zuwa.

An haife shi ranar 6 ga Maris 1909 a Ikenne, nan kusa da mu. Mahaifinsa manomi ne, ya rasu a 1920, yaron bai wuce shekara 11 ba. Daga nan karatu ya zama yau a shiga, gobe a fita saboda kuɗin makaranta. Har itace ya sayar a Abeokuta don ya biya. Ya yi koyarwa, ya yi akawu, ya yi aikin jarida, ya taɓa kasuwanci ya karye. Yana gida ya yi digirin kasuwanci na Jami'ar Landan ta wasiƙa, sannan a 1944 ya tafi Ingila, ya zama lauya a 1946 yana da shekara 37.

To, wanda ya sha wuya shi ya san zafinta. Da ya zama Firimiyan Jihar Yamma, a Janairun 1955 ya fara ilimin firamare kyauta. Cikin shekara ɗaya ɗalibai suka tashi daga wajen dubu 450 zuwa sama da dubu 800. Ba a banza abin ya zo ba: harajin da aka ƙara don shirin ya fusata jama'a, jam'iyyarsa ta AG ta sha kaye a yankinsa a zaɓen tarayya na 1954. Bai janye ba.

Ya yi zaman kurkuku, Gowon ya sake shi a 1966. Ya nemi shugabancin ƙasa a 1979 da 1983, Shagari ya kayar da shi. Sai dai jihohi biyar da UPN ta ci, wato Legas, Ogun, Oyo, Ondo da Bendel, sun yi ilimi kyauta. A lokacin ne aka sa ni aji ɗaya, Baba bai biya ko kwabo ba. Awolowo ya rasu ranar 9 ga Mayu 1987, aka sa wa Jami'ar Ife sunansa.

Yau fa? Yaranmu na Sabo suna gama sakandare, kuɗin JAMB ya gagara. In an zo tallafin karatu, nan a ce ba 'yan jiha ba ne, can Arewa a ce ba a san su ba. Jama'a, sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan goro da 'yan shanu, ko yaro biyu a shekara a ɗauki nauyinsu mana. Ni ma wani ne ya biya mini, ban taɓa ganinsa ba sai a takardar naira ɗari.