Dokta William Coley (1862-1936): Likitan da Ya Nemi Maganin Daji a Cikin Zazzaɓi

A bana mun zaɓo wa ɗalibanmu, musamman 'yan ajin kimiyya, tarihin wani likita da ya ga gaskiya da idonsa amma ya rasa yadda zai bayyana ta. An haifi William Coley a Amurka a 1862, ya gama karatun likita a Jami'ar Harvard a 1888, sa'an nan ya kama aikin tiyata a birnin Niyu Yok.

A 1890 aka kawo masa wata yarinya 'yar shekara 17 mai ciwon daji a hannu. Ya yanke hannun, amma cutar ta riga ta bazu, yarinyar ta rasu cikin 'yan watanni. Abin ya tsaya masa a rai ƙwarai. Sai ya shiga tonon tsofaffin takardun asibiti, har ya ci karo da labarin wani Bajamushe wanda ƙarin da ke wuyansa ya ɓace bayan wata cutar fata mai zazzaɓi mai zafi ta kama shi. Coley ya bi unguwannin talakawa yana cigiya, ya kuwa same shi da ransa da lafiyarsa, shekara 7 bayan haka.

A 1891 ya fara sa wa masu daji wannan ƙwayar cuta da gangan. Wani ya sami sauƙi, wasu kuma cutar da aka sa musu ce ta kashe su. A ganinmu wannan ganganci ne babba, kuma yau hukuma ba za ta yarda da shi ba. Daga 1893 ya koma amfani da matattun ƙwayoyin cuta iri biyu. Wasu sun warke, da yawa ba su warke ba, shi kuma bai san dalili ba. Shugaban binciken asibitinsu, James Ewing, ya fi amincewa da gashi da rediyom, saboda haka aka yi watsi da hanyar Coley. Ya rasu a 1936. 'Yarsa Helen ce ta tattara takardun majinyatansa, ta kafa cibiyar binciken daji a 1953.

Sai a 1975 Lloyd Old da abokan aikinsa suka gano wani ɓangare na amsar. In ƙwayar cuta ta shiga jiki, sojojin garkuwar jiki sukan saki ƙananan furotin masu kai saƙo daga wannan ƙwayar halitta zuwa waccan. Ɗaya daga cikinsu, da aka sa wa suna TNF, yakan sa ƙari ya ruɓe. Abin mamaki, bakin wannan ɗan saƙo biyu ne. Wata ƙwayar yakan umarce ta ta mutu, wata kuma ta ci gaba da rayuwa. In ya daɗe yana hura kumburi a wuri ɗaya, har taimaka wa daji yake ya girma. In an zuba shi da yawa cikin jini kuwa, guba ne. Shi ya sa likitoci a Turai sukan tsare jinin hannu ko ƙafa tukuna, su ba da shi a wannan gaɓar kaɗai.

Yawancinmu muna da tabon rigakafin tarin fuka, wato BCG, a damtse. Tun 1976 likitoci ke zuba wannan ƙwayar cikin mafitsara domin ta tayar da garkuwar jiki a kan dajin mafitsara.